Ranar da Na Gwada Mudun Inna

Ni mace ce mai ɗoki, kuma ban taɓa musun haka ba. In abu ya burge ni sai kowa ya ji labarinsa, har mai tallan ƙosan da ta leƙo tsakar gida. Maigidana yakan ce in na ga sabon abu, gidan nan ba ya sake samun sakat sai na gaji don kaina. Ɗinki nake yi a cikin gida a Funtua. Kekena na bakin taga, tef ɗin awo kuma ba ya barin wuyana, har na sha shiga kicin da shi in tsoma bakinsa a miya.

A shekarar da nake ba da labari muka haɗa sola a gida, muka sa setalayit. Azumi ya zo, ɗinkin Sallah ya taru har kan gado. Na saba kunna talabijin bayan azahar don kada barci ya ɗauke ni a kan keke. A haka wata rana na faɗa kan wata tasha ana wani shiri da Turanci, wai tarihin yadda ɗan Adam ya koyi awo. Kashi-kashi ake yin sa, kullum a wannan lokacin. Turancina na sakandare ne, in suka yi sauri sukan bar ni a baya, amma hotuna na taimaka mini, kuma suna maimaita shirin washegari da hantsi.

Ranar farko suka nuna mutanen Misira na dā suna gini. Sai ga wani ya miƙa hannu, an auna daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa. Na saki ƙafar keke na miƙe tsaye.

"Kamu!" na ce, ni kaɗai a ɗaki. "Wallahi kamu ne!"

Da shi kakarmu take auna zane, mu kuwa muna yi mata dariya. Ashe abin da nake ɗauka ƙauyanci ne, da shi aka gina tulin duwatsun nan da duniya ke zuwa kallo. Suka ce an sassaƙa tsawon kamun a jikin baƙin dutse, magina kuma suna kawo sandunansu lokaci-lokaci a gwada da shi, don kada na wani ya fi na wani.

Daga ranar shirin ya shiga raina. Da suka ce incin da ke jikin tef ɗina asalinsa ƙwayar sha'ir uku ce a jere, na tashi na ɗebo dawa na jera uku a kan tef, ba su kai ba. Na jera masara, ta zarce. Wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta same ni durƙushe a ƙasa ina jera tsaba, ta tambaya ko lafiya. Na tsare ta da bayani har ta fita ta manta da ledar kayanta. Da shan ruwa kuwa maigidana ne ke shan karatu. Na ba shi labarin ƙasar da kowane gari ke da nasa awon, da mutanen da suka yi shekaru suna hawan tsaunuka da hasumiyoyi don su auna bayan ƙasa su fitar da awon mita. Yakan ɗaga hannu ya ce, "Don Allah ki bari in haɗiye kunun nan tukuna."

Kashin da ya jawo komai shi ne na kilo. Suka nuna wani ɗan curin ƙarfe mai sheƙi, bai fi a rufe shi a tafin hannu ba, an ajiye shi a ƙasar Faransa, an kifa masa murfin gilashi har uku, an kulle a wani ɗaki da ba ya buɗuwa sai masu riƙe da makullai sun haɗu. Wai shi ne uban duk wani kilo na duniya. Sikelin mai nama, sikelin auduga, sikelin da ake ɗora jarirai a asibiti, duk daga gare shi suka samo gaskiyarsu. An ƙera masa 'yan'uwa an rarraba wa ƙasashe, bayan shekaru masu yawa kuma aka tattaro su aka gwada da juna. Sai aka tarar ba su zo daidai ba. Bambancin bai kai ƙwayar ƙura ba, amma ya hana manyan masana sukuni, domin ba wanda ya isa ya rantse wane ne ya canza a cikinsu.

Ba ƙarfen nake gani ba a lokacin, mudun Inna nake gani.

Inna ita ce mahaifiyarmu, ni ce autarta. Tana ƙauyenmu kusa da Maska, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Mudun nata na ice ne, ɗan ƙarami, irin wanda ake ce wa mudun Annabi. Huɗunsa ne sa'i, wato awon hatsin da ake fitar wa kowane mutum ɗaya a zakkar fidda kai. Mahaifinta malami ne. Shi ne ya sa aka sassaƙa guda biyu daga ice ɗaya, a hannun masassaƙi ɗaya, ya gwada su da na malaminsa har ya gamsu. Ɗaya ya ba babban ɗansa, Kawu, wanda ke zaune a Gozaki. Ɗayan ya sa wa Inna a cikin kayan aurenta.

Na Kawu yana naɗe a cikin jakar fata, a rataye, sau ɗaya yake saukowa a shekara ya auna wa gidansa ya koma. Na Inna kuwa na unguwa ne gaba ɗaya. Daga ranar ashirin da takwas ga azumi mata ke fara shigowa da hatsi a ƙwarya da roba da bakin buhu. Inna na zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta tambayi kai nawa ne a gidan, ta yi bisimilla ta auna. Ba ta karɓar komai. Abu ɗaya ne ba ta yi, ba ta ba da aronsa. Matar mai unguwa ta taɓa aikowa, Inna ta ce a gaishe ta, a ce ta aiko da hatsin. An yi ta ƙananan maganganu, wai rowar mudu gare ta, ko a jikinta. Mu 'ya'yanta ma ba mu taɓa shi. Bayan Sallah sai ta wanke shi da toka da yashi mai laushi, in ta ji bakinsa ya ɗan ɓantare ko ya yi kaushi ta goga shi a dutsen niƙa har ya yi sumul, ta shafe shi da man kaɗe, ta mayar cikin kwalla.

Inna ba ta je Makka ba, ba ta da shanu, ba ta yi boko ba. Amma in ka shiga ƙauyen ka ce gidan mai mudu, kowa zai nuna maka ƙofarmu. Wannan ne abin da take da shi, kuma ta san da haka.

To ni da na ga Turawa sun haɗa ƙarafansu, sai na tuna mudun nan biyu ba su sake haɗuwa ba tun ranar da aka kai Inna ɗakin miji. Na kasa zama. Na ɗauki waya na kira Kawu, ko gaisuwa ban ƙarasa ba na shiga zuba.

"Ke Auta, da azumin nan?" ya ce. "Mi ya same ki?"

Na yi ta magiya. Daga ƙarshe ya ce dama ya kwana biyu bai ga ƙanwarsa ba, zai zo ranar ashirin da bakwai, amma da kansa zai kawo mudun, ba ya ba kowa.

Maigidana ne kaɗai bai yi murna ba. Ya ce, "Ki bar tsohuwa da abinta. In ya zo daidai, me kika ƙara mata? In bai zo daidai ba fa?"

Na ce ai ba ma zai yiwu ba. Gaskiyar magana, ban taɓa kawo wa raina zai iya ƙin zuwa daidai ba. So nake in ɗauki abin a waya in nuna wa duniya cewa abin da ya gagari masu gilashi da makullai, wata tsohuwa a ƙauyen Maska ta riƙe shi a cikin kwalla. Na ninka ƙoƙari a kan keke na sallami masu ɗinki, na ɗauki wani yanki na shirin a wayata, na jefa rula a jaka, na hau mashin.

Na iske Inna tana tsince wake. Ko mayafi ban cire ba na manna mata waya a fuska. Ta karkata kai tana kallon curin ƙarfen cikin gilashi, ina fassara mata da ƙarin gishirina.

"Ba a taɓa shi?" ta ce.

"Ko da hannu, Inna. Da wani irin awartaki ake ɗaukar sa."

"To ƙarfen da ba a taɓawa, mi zai auna wa mutane?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da na faɗa mata Kawu na hanya da nasa mudun za mu gwada, ba ta ji komai ba. Sai ma ta gyara zama ta ce, "Ya kawo shi. Awon Baba ba ya ƙarya."

Kawu ya iso kafin azahar a bayan ɗan acaba, jakar fatar a rungume a ƙirjinsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ni kuwa kamar in fizge jakar. Yana kiran Inna "yarinya" duk da furfurarta, ita kuma tana ce masa Yaya tana sunkuyar da kai. Sai da suka gama tambayar 'ya'ya da jikoki da yadda masara ta yi bara, sannan ya kwance igiyar. Inna ta shiga ɗaki ta fito da nata. Aka jera su a kan tabarma.

Na Kawu baƙi ne wuluk, bakinsa mai kauri, da wani zane da masassaƙin ya kewaya ƙasa da bakin kaɗan. Na Inna ya yi ja yana ƙyalli, bakinsa siriri. Na ga haka, amma ɗoki bai bar ni na tsaya tunani ba. Na roƙi Inna ta bar ni in yi gwajin da hannuna, yau kaɗai. Ta dubi Yayanta, ta ce to.

Na ɗebo gero, don shi ne mai ƙananan ƙwaya. Na cika mudun Inna, na sa rula na shafe bakinsa ƙwal, yadda na ga ana yi a talabijin. Na juye a na Kawu a hankali, ina murmushi, wayata a jingine da turmi tana ɗauka.

Bai cika ba.

Tsakanin geron da bakin mudun akwai fili kamar faɗin yatsa. Na ce wataƙila na zubar. Na sake, na kula ƙwarai. Haka ya sake tsayawa. Na juya gwajin, na cika na Kawu na shafe, na juye a na Inna. Ya cika ya tumbatsa, gero na gangarowa kan tabarma, kaji suka taso.

Ba wanda ya kori kajin. Kawu ya ɗauki mudun Inna ya juya shi a hannu, ya bi bakinsa da babban yatsa. Zanen nan da ke ƙasa da baki a nasa, a na Inna ya hau can kan leɓe, rabinsa ma ya shafe.

"Yarinya," ya ce a hankali, "kin cinye bakinsa da wanki."

Inna ta karɓi mudun ta duba, ta duba na Kawu. Na ga leɓenta na motsi, na ɗauka addu'a take. Da na matsa sai na ji gidaje take lissafawa. Gidan liman. Gidan maƙera. Gidan mai unguwa. Gidan Fulanin bakin rafi da suke tahowa tun daga nesa don sun yarda da awonta.

"Tun yaushe?" ta ce. Ba ni take tambaya ba, ba kuma Kawu ba.

Kawu ya shiga ba ta haƙuri. Ya ce ba da gangan ta yi ba, Allah na duba niyya, shi ma shaida ne a kan tsoron Allahnta.

"Yaya," ta ce, "wanda aka kai wa hatsin, niyyata ya dafa wa ɗiyansa ranar Sallah?"

Ta ce mutane sun ɗauko ibadarsu sun ɗora mata a hannu, ita kuma ta tauye, shekara da shekaru, tana zaune tana jin daɗi ana ce mata mai mudu. Ta ce gobe in mata sun zo za ta tsaya a bakin ƙofa ta sallame su, kuma za ta faɗa musu dalili da bakinta. Za ta aika wa liman ya sanar a masallaci, kowa ya san abin da zai yi game da shekarun baya. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar mudun a kan tabarma. Ban taɓa ganin ta bar shi a ƙasa ta juya baya ba.

Na kashe wayar. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji na tsani kaina da talabijin ɗin da rular baki ɗaya. Na zo in yi alfahari da uwata, na ƙare da karɓe mata abu ɗaya da take taƙama da shi, saura kwana ɗaya mata su cika gidan. Da aka sha ruwa kurɓa biyu ta yi wa kunu ta ture kofin. Maigidana ya kira ya ji yadda aka yi, na kasa ɗauka, don na san abin da ya faɗa mini.

Washegari da sassafe Inna ta fito, idonta ya nuna ba ta yi barcin kirki ba. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ɗauko buhun gero za ta jiƙa na kunun yamma. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina kallon ta. Ta tsoma wani tsohon gwangwani a buhun, hankalinta ba ya wurin. Sai na ga hannunta na hagu ya tafi da kansa ya kewaye bakin gwangwanin, ya yi masa katanga, na dama kuma yana zuba gero a sama har ya yi tozo. Ta ɗaga ta ɗan jinjina, sannan ta juye.

Na san wannan hannun. Tun ina rarrafe nake ganin sa a bakin mudu ƙarƙashin mangwaron nan. Na gan shi sau ba adadi har na daina ganin sa.

Na zabura na yi tsalle, zanena ya kusa kwancewa.

"Inna! Inna, ba haka kike awo ba!"

Ta dube ni kamar na zare.

"Jiya ni na auna, ba ke ba! Da rula na shafe! Yaushe kika taɓa shafe mudu? Don Allah ki zo ki auna da hannunki!"

"Auta, ki rabu da ni da gwaje-gwajenki," ta ce. "Na jiya bai ishe ki ba?"

Ihuna ya fito da Kawu daga zaure, carbi a hannu. Na kama bayani ina haɗa kalmomi, da ƙyar ya gane. Na tambaye shi yadda kakanmu yake awo. Ya ce shi dai abin da ya gani, Baba yakan zuba har mudu ya yi tozo don kansa, ƙwaya ta fara gangarowa, shi ke nan. Ba ya shafewa, ba ya kuma tarewa da hannu. Haka shi ma yake yi har yau.

"To a gwada na Inna da wannan!" na ce. "Ita ta auna yadda ta saba, a juye a naka, mu ga ko zai yi tozon."

Kawu ya dubi ƙanwarsa. "Yi mata, yarinya. In bai yi ba, ai ba mu ƙaru da sabon baƙin ciki ba."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a tabarmar, ta miƙe ƙafa ɗaya yadda take yi, ta jawo buhun. Ta ɗauki mudun ta yi bisimilla. Na ce kada ta yi tunanin komai, ta ɗauka matar liman ce a gabanta. Ta harare ni. Ta tsoma mudun, hannun hagu ya kewaye bakinsa, na dama ya zuba. Ta ɗaga, ta jinjina, ta karkaɗe 'yan ƙwayoyi da yatsa. Kawu ya riƙe nasa a ƙasa da hannu biyu, ta juye a hankali.

Geron ya hau. Ya wuce zanen. Ya kai baki. Ya fara tashi a tsakiya, yana tashi. Da ƙwayar ƙarshe ta sauka, tozon ya tsaya cak da tsininsa, 'yan ƙwayoyi suka gangaro suka faɗi a tabarma.

Na rangaɗa guɗa da azumi a bakina, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Sake," in ji Kawu.

Ta sake. Haka. Ta yi har sau huɗu, sa'i guda cif. Na ruga na ɗebo dawa, aka gwada. Na ɗebo masara. Kowane karo mudun Kawu sai ya yi tozo, wani lokacin da 'yan ƙwayoyi a kai, amma ko sau ɗaya bai gaza ba. Ina ta tsalle ina tafi, ina cewa Kawu ka gani, Kawu ka gani, kamar ba a gabansa ake yi ba.

Kawu ya ajiye mudunsa ya kama hannun Inna na hagu ya juya shi.

"Yaushe kika fara sa hannu? Baba bai koya mana haka ba."

Inna ta dubi hannun nata kamar na wata.

"Ban sani ba, Yaya. Da dai ban sawa. In ban sa ba yanzu, sai in ji bai kai nauyin da na sani ba."

A nan na gane abin da ya faru, na kuma faɗe shi da ƙarfi don kowa ya ji. Icen yana raguwa kaɗan-kaɗan a dutsen niƙa, hannunta kuma yana hawa kaɗan-kaɗan yana cike gurbin, ita ba ta ma sani ba. Da ta kasance mai ba da aro, da mutane sun kai shi gidajensu sun auna gajere. Rowar mudun nan da aka yi ta zarginta da ita, ita ta sa ba a taɓa auna wa kowa da shi ba tare da hannunta ba.

Inna ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta motsi. Kawu ya juya yana kallon mangwaro yana ta hamdala. Ni ma na yi kukan, amma nawa haɗe yake da dariya.

Ba a jima ba aka yi sallama, mata suka fara shigowa da hatsinsu. Na ɗauka Inna za ta bar maganar ta wuce tunda komai ya daidaita. Ina! Duk wadda ta zauna sai ta nuna mata mudun biyu, ta nuna mata inda nata ya cinye, ta auna a gabanta ta juye a na Kawu don ta gani da idonta. Ta ce wadda ranta bai kwanta ba, ga na Yaya nan, a auna mata da shi. Ba wadda ta ce a canza. Wata tsohuwa ma cewa ta yi a yi sauri, ta bar wake a wuta.

Da rana ta take, mutane suka ɗan tsagaita, Inna ta kira ni.

"Ke mai talabijin, zo nan. Zauna."

Na zauna a gabanta. Ta miƙo mini mudun. Na ɗauka tsokana ce, sai na ga ba wasa a fuskarta. Na tsoma, na kewaya hannuna yadda na ga tana yi, na zuba na juye a na Kawu. Ko baki bai kai sosai ba. Yatsuna sirara ne, gero na bi ta tsakaninsu. Ta kama hannun ta matse yatsun, ta ɗaga shi sama kaɗan, ta ce in sake. Na sake, ta karɓa ta jinjina, ta ƙara rabin tafi.

"Icen nan zan iya bar miki," ta ce. Sannan ta ɗaga hannunta na hagu. "Wannan kuwa da shi za a tafi da ni. Sai ki tsaya ki koya tun ina nan."

Na sunkuyar da kai na sake tsoma mudun.

Kashin ƙarshe na shirin ya wuce ni, ina ƙauye. Sai bayan Sallah na gan shi a maimaici, inda suka ce masana sun samo hanyar tsayar da kilo ba tare da dogara da curin ƙarfen ba. Na kalla, na ji daɗi, amma ban tsare kowa da bayani ba, har maigidana ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Tun daga shekarar Inna ba ta sake kai mudun kusa da dutsen niƙa ba, da tsumma kawai take goge shi. Ni kuma duk ashirin da bakwai ga azumi nake rufe keke, ko ɗinkin wa ya rage, in hau mashin in tafi. Kawu yakan aiko da nasa, yanzu ya yarda ya ba ni. Ni nake zama a tabarmar in auna, Inna na gefena, hannunta ya fara rawa ba ya iya tare hatsi. Amma duk mudun da na cika sai na ɗora mata a tafi ta jinjina, ta ƙara ko ta rage, tana mita wai hannun masu ɗinki bai san hatsi ba.

Bana, matar farko da ta shigo, na cika na ɗora mata. Ta jinjina. Ta sake jinjinawa. Ba ta ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Ta juye a buhun matar da kanta, ta miƙo mini mudun, ta ce in ci gaba, ita za ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa.